Kala A Hannun Yaro: Yadda Yahudawa Ke Koya Wa 'Ya'yansu Labaran Idinsu

  

Abin da za mu yi magana a kansa yau, mun san wasu za su ji shi bambaraƙwai, wai namiji da suna Hajara. Za mu duba yadda Yahudawa ke koya wa 'ya'yansu ƙanana, waɗanda ba su ma iya karatu ba tukuna, labaran bukukuwan addininsu ta hanyar ba su takardar zane su cika ta da kala. Tun kafin wani ya ɗaga hannu, bari mu share fage. Maganar siyasa da abin da ke tsakanin Isra'ila da Falasɗinawa tana da ranarta da zamanta, kowa kuma ya san inda zuciyarsa take. Yau maganar tarbiyyar yara muke yi. Ɗan kasuwa in ya ga rumfar maƙwabcinsa ta yi shekara da shekaru ba ta karye ba, alhali gobara ta sha cin kasuwa, hukuma kuma ta sha tashin mutane, to, wayo shi ne ya leƙa ya ga yadda yake ajiye jarinsa, ko da kuwa ba haja ɗaya suke sayarwa ba.

Mutanen da suka daɗe a baƙunci

Yahudawa ba su da yawa. Duk duniya ba su wuce miliyan 15 zuwa 16 ba, mafi yawansu kuma suna Isra'ila da Amurka. Tun daga shekarar 70 bayan haihuwar Annabi Isa, alaihis salam, lokacin da Rumawa suka rushe babban ɗakin ibadarsu na Birnin Ƙudus, galibinsu a warwatse suka zauna cikin wasu al'ummu: Bagadaza, Alƙahira, Yaman, Maroko, Andalus, Jamus, Rasha. An kore su daga Ingila a 1290, an kore su daga Sifen a 1492. Duk inda suka je sun ɗauki harshen masu gari, sun ci kasuwa da su, amma labaransu ba su ɓace ba. Abin tambaya, da me suka riƙe su?

Amsar tana cikin gidajensu. A cikin Attaurar da ke hannunsu akwai umurni ga uba cewa ya ba ɗansa labarin fitarsu daga Masar. Ba su bar wannan umurni a takarda ba. Sun gina bukukuwansu ta yadda yaro ƙarami zai sami abin riƙewa a hannu, abin ɗanɗanawa a baki, da abin tambaya. Takardar kala ta zamanin nan reshe ce kawai ta wannan tsohuwar bishiya.

Littafin malamansu da ake kira Talmud ya kawo cewa wani babban malaminsu, Akiba, wanda ya rasu wajen shekarar 135, yakan raba wa yara gasasshen hatsi da 'ya'yan itatuwa masu ɓawo a jajiberin idinsu na fita daga Masar, don kada barci ya kwashe su, su zauna ido biyu su yi tambaya. A Jamus kuwa, shekaru 800 da suka wuce, ranar da za a sa yaro makaranta akan rubuta masa baƙaƙensu a allo, a shafa zuma a kai, a ce ya lashe, don ya tashi da sanin cewa karatu abu ne mai zaƙi.

Ga wanda ya fi kusa da maganarmu. Yahudawa ba sa jefar da takardar da ke ɗauke da sunan Allah, kamar dai yadda mu ma muke kaffa-kaffa da ita. Sukan tara irin waɗannan takardu a wani ɗaki na musamman. A tsohuwar Alƙahira, wato Fusɗaɗ, akwai ɗakin ibadarsu mai suna Ben Ezra inda aka yi ɗaruruwan shekaru ana zuba takardu a irin wannan ɗaki. A 1896 wani malami mai suna Solomon Schechter ya tafi can, ya kwaso guntaye kusan 200,000 zuwa Jami'ar Kambirij ta Ingila. A cikinsu an sami takardun koyon karatun yara na kusan shekara 1,000, inda aka zana gefen baƙaƙe aka bar cikinsu fayau, sannan aka cike su da kala iri-iri. Kun ga ke nan, tun ba a san injin ɗab'i ba ana wannan abu. Abin da zamani ya ƙara shi ne araha. Kamfanin da ke yin kalar Crayola a Amurka ya fitar da kwalinsa na farko a 1903, kala 8 a kan senti 5, daga nan kala ta shiga gidan talaka. Yau kuma uwa tana iya sauko da zanen daga intanet ta buga shi a shagon kwamfuta na bakin titi.

Idin fita daga Masar

Babban idin da aka fi yi wa yara tanadi shi ne Fesah, wanda Hausawa Kirista ke kira Idin Ƙetarewa. Yana faɗowa a watan Maris ko Afrilu, domin su ma watan sama suke bi, kuma yininsu daga faɗuwar rana yake farawa kamar namu, sai dai suna ƙara wata guda sau 7 a cikin kowace shekara 19 don kada idin ya bar lokacinsa. Ana yin sa kwana 7 a Isra'ila, kwana 8 a wurin yawancin na waje. Labarinsa ba baƙo ba ne a wurinmu: Annabi Musa, alaihis salam, da Fir'auna, da bautar da Bani Isra'ila suka sha, da tsagewar teku.

Makonni kafin idi, malamar 'yan yara takan fara raba takardu, kowace rana guda. Yau ga jariri a kwando a bakin Kogin Nilu, yaro ya sa wa ruwa shuɗi, ciyawa kore. Gobe ga mutane suna buga tubali a rana. Jibi ga annobai, waɗanda a lissafinsu 10 ne: jini, kwaɗi, ƙwarƙwata, tarin miyagun dabbobi ko ƙwari, mutuwar dabbobi, marurai, ƙanƙara, fari, duhu, da mutuwar 'ya'yan fari. Biyar da Alƙur'ani ya jera a Suratul A'araf, huɗu daga cikinsu suna nan a wannan jeri. Takardar kwaɗi ita yara suka fi so, don kwaɗo ne a kan gado, kwaɗo a tukunya, kwaɗo a kan fada. Yayin da hannun yaro ke aiki, bakin malama na ba da labari, tana tsayawa tana tambaya: ruwan nan me ya sa ka sa masa ja? Yaro ya ce ai ya koma jini. To, darasi ya zauna, ba bulala, ba kuka.

A ƙarshe akan haɗa takardun nan a ɗinke su, su zama ɗan littafi mai sunan yaron a bangonsa. Daren idi iyali kan taru a ci abinci na musamman da ake kira Seder, ana bin wani littafi mai suna Haggada, ma'anar kalmar kuwa ita ce ba da labari. Manya na riƙe da nasu na ɗab'i, yaro na riƙe da nasa da ya sha wahalarsa. A gabansa ga faranti mai abubuwan da ya riga ya sa wa kala: ganye mai ɗaci don tuna ɗacin bauta, wani kwaɓi mai zaƙi na 'ya'yan itace da ya yi kama da lakar gini, ƙashi gasasshe, ƙwai, ga ruwan gishiri a gefe a madadin hawaye, ga gurasa marar yisti don tuna cewa sun fita da gaggawa ƙullu bai tashi ba. Abin da ya gani a takarda, ga shi a zahiri. Gani ya kori ji.

Sannan ba a shiga labari sai ƙaramin yaron gidan ya tashi ya yi tambayoyi huɗu a kan abin da ya sa wannan dare ya bambanta da sauran darare: don me gurasa marar yisti kaɗai, don me ganye mai ɗaci, don me ake tsoma abinci sau biyu, don me ake ci a kishingiɗe. Can kuma a ɓoye guntun gurasa a cikin gida, yara su bazama nema, wanda ya samo a ba shi tukuici, kuma ba a rufe cin abinci sai da wannan guntu. Jama'a, ku dubi dabara. Taron manya ne, amma an ɗaure shi ta yadda ba ya tafiya sai da yaro.

Littafin nan na Haggada ma tun da can akan ƙawata shi da hotuna. Wanda ya fi shahara an yi shi a Basalona ta ƙasar Sifen wajen 1350, ya bi masu shi gudun hijira har ya ƙare a gidan tarihi na Sarayebo a Bosniya a 1894. A shafukansa har yanzu akwai tabon abin sha, alamar an ci abinci a kansa ana karantawa. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, da sojojin Hitila suka zo nemansa, wani malami Musulmi mai kula da ɗakin littattafan wurin, Dervish Korkut, shi ya fitar da shi a ɓoye, aka adana shi a hannun Musulmi a bayan gari har yaƙi ya ƙare. Wannan ma abu ne da ya kamata 'ya'yanmu su sani.

Furim, Hanuka da Idin Bukkoki

Idin Furim yana zuwa wata guda kafin Fesah. Labarinsa a ƙasar Farisa ya faru: wani waziri mai suna Haman ya shirya hallaka Yahudawan ƙasar, sai sarauniya Esta, wadda Bayahudiya ce ta ɓoye asalinta, ta tona shi a gaban sarki bisa shawarar ɗan'uwanta Mordekai. Kada a rikita wannan Haman da Hamana na Fir'auna da muka sani a Alƙur'ani, labarin daban ne. A nan abin da yara ke sa wa kala, sawa suke yi a jiki: hular sarauta ta takarda, fuskar takarda, da ɗan kacau-kacau. Ranar idi ana karanta labarin a ɗakin ibada, duk sanda aka ambaci sunan Haman sai yara su kaɗa kacau-kacau su yi ta buga ƙafa don a dusashe sunan. Yaron da ke jiran a ambaci suna, dole ya kasa kunne ga karatun tun daga farko har ƙarshe. Haka nan a ranar wajibi ne a wurinsu mutum ya aika wa wani abinci iri biyu, ya kuma yi wa matalauta aƙalla biyu kyauta. Jakar takardar da ake zuba abincin, yaro ne ya ƙawata ta, shi kuma ake aika ya kai. Ka ga an koya masa kyauta da ƙafarsa.

Hanuka kuwa a watan Disamba yakan faɗo, wani lokaci ƙarshen Nuwamba. Yana tuna abin da ya faru a shekara ta 164 kafin haihuwar Annabi Isa, lokacin da wasu mayaƙa da ake kira Makabiyawa suka ƙwato ɗakin ibadar Ƙudus daga hannun sarki Antiyokus, wanda ya hana su addininsu. Malamansu sun ruwaito cewa man fitila mai tsarki da aka samu na kwana ɗaya ne, amma ya kai kwana 8 yana ci. Don haka suke kunna kyandir dare 8 a kan wani abin ɗora fitila mai rassa 9: takwas na darare, ɗaya na kunna sauran. Takardar yaro tana ɗauke da wannan zane, kyandirori ba wuta. Kowane dare na idi yana da kyandirinsa, yaro na sa wa harshen wuta kala yana ƙirgawa. Mu 'yan kasuwa ga lissafi: daren farko kyandir 2, na biyu 3, har dare na takwas 9, jimla 44, shi ya sa kwalin kyandirin Hanuka 44 ake zubawa. Yaro ya sami tarihi, ya sami ƙidaya. Akwai kuma wata 'yar katantanwa mai fuska huɗu da suke murzawa, kowace fuska da harafi guda na Ibrananci, haruffan kuma farkon kalmomi ne masu nuna cewa babbar mu'ujiza ta faru a can. Da yawa daga yaran Amurka, waɗannan huɗu su ne haruffan farko da suke ganewa daga cikin 22 na harshen.

A Idin Bukkoki, wato Sukkot, wanda ke zuwa a Satumba ko Oktoba, iyali kan kafa rumfa a tsakar gida ko bayan gida, a rufe samanta da rassan itace, a riƙa cin abinci a ciki kwana 7 don tuna zaman da kakanninsu suka yi a hamada shekara 40. Adon rumfar aikin yara ne. Zanen da suka yi ake ratayewa, baƙo in ya shigo a nuna masa, a ce wannan na wane ne. A sabuwar shekararsu kuma zanen tuffa da zuma ne da ƙahon rago da ake busawa, ga kuma kifin Annabi Yunusa, alaihis salam, domin labarinsa ake karantawa da yammacin ranar babban azuminsu.

Ƙa'idojin da ke ƙarƙashin abin

In mun tattara, za mu ga abin ba kara-zube ake yin sa ba. Na farko, masu riƙo da addini a cikinsu ba sa rubutu ko zane ranar Asabar da manyan ranakun idi, aiki ne a wurinsu. Saboda haka kalar nan kafin idi ake yin ta, ta zama shiri. Yaro ya yi mako biyu yana ɗokin abu, ranar da ya zo ya tarar ya riga ya san shi.

Na biyu, ba a zana Allah, ko kusa, kuma akan guji rubuta sunansa cikakke a takardar da aka san za ta iya faɗawa kwandon shara. Su ma suna da tsohuwar muhawara a kan hoton mutum. Akwai wata Haggada da aka yi a Jamus wajen 1300, wadda mai zanenta ya sa wa yawancin mutanen ciki kawunan tsuntsaye, masana da dama kuma na ganin gudun zana fuskar ɗan Adam ne ya kawo haka.

Na uku, takardar ba ta ƙarewa a jakar makaranta. Ana amfani da ita a idin kansa, a gaban kakanni da baƙi. Yaro ya ga aikin hannunsa ya yi rana.

Na huɗu, wanda ya fi duka, ba a miƙa wa yaro takarda a juya baya. Babba na zaune kusa, yana ba da labari, yana jawo tambaya. Littafin Haggada ma ya kasa yara kashi huɗu: mai hikima, mai taurin kai, mai sauƙin kai, da wanda bai ma san yadda ake tambaya ba, ya ce kowanne da irin amsar da ta dace da shi, na ƙarshen kuwa kai za ka buɗe masa magana. Yaro mai kunya da ba ya iya ɗaga kai a gaban babba, in hannunsa na kan takarda idonsa na ƙasa, sai ka ji bakinsa ya buɗe.

Inda hanyar take da rauni

Kowace haja da aibinta, mai gaskiya kuma ba ya ɓoye wa mai saye. Labaran nan akwai jini a cikinsu: mutuwar 'ya'yan fari, nutsewar rundunar Fir'auna, rataye Haman, yaƙin Makabiyawa. Yaya za a ba ɗan shekara 4 wannan ya sa wa kala? Wasu malamai kan tsallake, wasu kan sassauta, har wasu iyaye na kukan cewa an mai da annoba abin wasa, kwaɗo na murmushi. Abin da ke ɗan daidaita lamarin shi ne wata al'ada ta daren Seder: duk annobar da aka ambata sai kowa ya ɗige ɗigo guda daga kofinsa, wanda da yawansu ke fassarawa da cewa farin ciki ba ya cika in wani ya sha wahala, ko da maƙiyi ne.

Sannan masana tarbiyya ba duka suka yarda da zanen da aka riga aka yi ba. Wani malamin koyar da zane a Amurka, Viktor Lowenfeld, wanda littafinsa ya fito a 1947, ya yi suna wajen sukar littattafan kala, yana ganin suna sa yaro ya saba da bin layin wani ya daina ƙirƙiro nasa. Don haka wasu makarantun kan ba da labari tukuna, sannan su miƙa farar takarda.

Babban raunin kuwa, su da kansu suna faɗinsa: mutum ya girma, ya zama likita ko lauya, amma saninsa na addini ya tsaya inda takardar kala ta tsaya, ya bar makarantar addini tun yana ɗan shekara 13. Kala ƙofa ce. Wanda ya tsaya a bakin ƙofa bai shiga ɗaki ba.

Duk da haka ga abin lura. Binciken da cibiyar Pew ta yi a kan Yahudawan Amurka a 2020 ya nuna cewa kimanin 12 cikin 100 ne kawai ke zuwa ɗakin ibada kowane mako, amma 62 cikin 100 sun zauna Seder a shekarar da ta gabaci binciken. Wato abin da aka gina a gida, a kan yara, da abinci da tambaya, shi ya fi jure wa baƙunci. Sun gane haka, shi ya sa tun 2005 wani shiri mai suna PJ Library, wanda ya faro a Amurka, yake aika wa iyalai littattafan yara kyauta kowane wata har gida.

Abin da ya shafe mu

To, 'yan'uwa, ina ruwanmu? Ruwanmu shi ne mu ma baƙi ne a inda muke. Da yawa cikin 'ya'yanmu a nan aka haife su, harshen masu gari da Turancin buroka sun fi zama a bakinsu, wasu sai sun shekara biyar ba su ga gida ba. Kakar da za ta yi musu tatsuniya tana can arewa. Mu kuma mu fita tun asuba, mu dawo bayan isha'i a gajiye. Waya ce ke ba su labari yanzu, ita kuwa ba ta san su ba, ba ta san mu ba.

Kada wani ya ce ai wannan koyi ne da wasu. Addininsu nasu ne, namu namu ne, ba kuma idinsu muke kira a yi ba. Sa wa yaro abu a hannu don a riƙe shi a kan ibada, muna da shi tun zamanin Sahabbai. Bukhari da Muslim sun ruwaito cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya tarar da Yahudawan Madina suna azumin Ashura saboda tsirar Annabi Musa, ya azumce shi ya kuma yi umurni da shi. Sahabiya Rubayyi'u 'yar Mu'awwiz ta ba da labarin cewa sukan sa 'ya'yansu ƙanana wannan azumi, su yi musu abin wasa na ulu, in yaro ya fara kukan abinci a miƙa masa har a sha ruwa. Allon zayyana da ake yi wa mai sauka, da jansa da korensa da rawayansa, shi ma kala ce da ke sa ƙannensa kwaɗayin su kai inda ya kai.

Saboda haka muna ba da shawara uku. Ta ɗaya, kafin azumi da babbar salla da Ashura, malaman Islamiyyarmu su tanadi takardun zane don 'yan aji ɗaya da na biyu. Iyakarmu a bayyane take: ba hoton annabi, ba na mala'ika, ba na sahabi, ba kuma aya a takardar da za ta faɗi ƙasa. Abin da ya rage yana da yawa: Ka'aba, jinjirin wata, dabino, rijiyar Zamzam, jirgin ruwa a kan ambaliya, teku a tsage, ganuwa da ƙofofin garuruwanmu, baƙaƙen ajami da na boko masu fayau ɗin ciki. Abin da ake shakka a kansa, kamar zanen dabba, a mai da shi ga malamai su yanke. Ta biyu, a rubuta sunan kowane abu da Hausa a ƙarƙashinsa, a kuma ba da labarin da Hausa. Ta uku, wadda ba ta bukatar ko sisi daga asusun ƙungiya: takardar in ta zo gida, uba ya zauna ko na minti goma ne, ya ce wa ɗansa, zo ka gaya mini mene ne wannan. In ya yi tambaya kada a ce masa yaro ba ya tambaya. Matambayi ba ya ɓata. Ranar salla kuma a liƙa takardar a bango inda baƙi za su gani.

Kwalin fensirin kala da 'yan takardu ba su kai kuɗin katin wayar da muke ƙonawa a mako ba. Masu shagon kayan makaranta suna cikinmu, masu injin buga takarda suna cikinmu, samarin da suka iya zane ga su nan zaune. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Muna roƙon shugabanni su sa wannan magana cikin ajandar zama na gaba, a naɗa mutum uku ko huɗu, har da mata, su kawo samfuri mu gani kafin watan Sha'aban.

Allah ya shirya mana zuri'a, ya sa su fi mu sani da riƙo, ya albarkaci kasuwancinmu, ya zaunar da mu lafiya da masu masaukinmu.